Hancin Liman da Kafet ɗin Alhaji

Mahaifina ya fara limancin masallacin unguwarmu, a cikin birnin Zazzau, tun kafin a haife ni, kuma har na yi aure na haihu ban taɓa jin ya yi atishawa biyu a jere ba. Mutum ne siriri marar yawan magana, wanda dukiyarsa a duniya ba ta wuce littattafansa da butarsa da muryarsa ba. Muryar ce abin faɗi. In ya tayar da sallar magariba, matan gidajen da suka haɗa katanga da masallaci sukan tsaya da muciya a hannu har sai ya yi ruku'u. Ba a biyansa ko sisi. Gadon limancin ya yi daga kakanmu, kuma da shi aka san gidanmu, don ni kaina har yau 'yar Liman ake ce mini a firamaren da nake koyarwa, ga ni da furfura.

Masallacin ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti daga baya, aka ɗora masa kwano. Ba shi da ɓangaren mata, saboda haka abin da zan faɗa game da cikinsa ta taga na gani, ko daga bakin maza na ji, kuma maza in sun so su ma sun iya kai labari. Tabarmi ake shimfiɗawa a ciki. Duk Alhamis a kwaso su a kakkaɓe, a baza su a rana har la'asar. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin wata hikima. Al'ada ce kawai irin ta talakawa, har muna ɗan jin kunyarta in baƙi sun zo.

Sai Allah ya yi wa wata tsohuwa mai koko rasuwa. Gidanta na bayan namu. Da koko da ƙosai ta raini ɗanta tilo bayan mutuwar mijinta, kuma tun Baba yana saurayi mai karatu a zaure take aiko masa da kwanon koko kowace safiya, ba ta taɓa yarda an biya ba. Ɗan nan ya tafi Legas, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhajin da in an ce Alhaji a unguwarmu ba a tambayar wanne. Ya zo ya binne uwarsa, ya yi kuka na gaskiya, ya ce zai yi mata sadaka mai gudana. Da rijiya ya haƙa, da ban zauna rubuta wannan ba. Kafet ya sayo.

Motar da ta kawo shi ba ta iya shiga lungunmu ba, a kafaɗa aka shigo da shi, maza a jere suna nishi. Kore ne shar, mai kauri, an zana wa kowane mai salla gurbinsa da hoton ƙubba a gabansa. Ma'aikatan da suka zo da shi suka shafa gam a ƙasa suka manne shi daga bango zuwa bango, wai don kada ya riƙa tattarewa. A wajen tsayuwar liman kuwa aka ninka shi biyu, aka ɗora wata darduma mai gashi kamar bayan tunkiya, don girmamawa. Ranar buɗewa aka yi addu'a, aka raba waina, wani dattijo ya tashi ya ce duk goshin da ya taɓa wannan shimfiɗa, ladan zai iske tsohuwa a kabarinta. Baba ya ce amin, hawaye na bin gemunsa. Tabarmin aka raba wa masu shaguna.

Damina ta farko ta zo. Kwanon masallacin yana yoyo ta gabas, daidai kan liman, bangon ƙasa kuma ko an shafe shi da siminti sai ya ja danshi. Kafet ya sha ya ƙoshi, ga shi ba hanyar fitar da shi rana. Da ya fara wari irin na rigar da aka manta a bokiti, sai aka riƙa yayyafa masa turare. Shara kuwa da tsintsiya ake yi, ƙura ta tashi sama ta huta, ta dawo ta kwanta inda take.

Cikin wannan daminar Baba ya fara atishawa. Da farko abin dariya ne a gida. Zai dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida ya jero su, Inna, wato mahaifiyata, tana amsa masa da yarhamukallah, har ta kai inda malamai suka ce a daina amsawa, ta ce, "Malam, daga nan kuma mura ce, Allah ya sawwaƙe." Amma ba mura ba ce, don mura baƙuwa ce, tana kwana kaɗan ta tafi. Wannan da kayanta ta zo. Hanci ya toshe, ido ya yi ja yana ruwa, goshi da kumatu suna masa nauyi, in ya sunkuya ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa a fuska. Wanda kuwa aikinsa ke nan, sunkuyawa da sa goshi a ƙasa, ka ga an samu matsala. Muryar nan ta dushe ta koma ta mai magana cikin tulu.

Mutanen birni ba su iya ganin ciwo su wuce ba. Kowa likita ne, kuma kowane likita yana da kakar da ta daɗe a duniya saboda maganinsa. Shugabarsu ita ce Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a Kusfa, wadda kuma har ya yi furfura ba ta daina kallonsa a matsayin ɗan da ta goya ba. Ta iso da ƙullin ganye ta ce a ɗora tukunya. Ganyen darbejiya da na lemun tsami da citta da kanumfari aka tafasa, aka zaunar da limamin unguwa guda a kan kujera 'yar tsugunno, aka lulluɓe shi da bargo, shi da tukunyar.

"Gwaggo, zai shaƙe fa," in ji ni.

"Ke rufe mana baki. Ubanki da sirace aka raine shi, ba da allura ba."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, siracen yana aiki. Yakan fito jiƙe sharkaf, hanci a buɗe, ya ja numfashi ya yi hamdala. Sai a kira azahar, ya tafi ya sa goshi a kan dardumar nan, ya dawo yana neman hankici. Gwaggo ta ce ganyen ne bai isa ba, ta ƙara.

Daga nan aka shiga gasa. Wani ya kawo habbatus sauda a ƙulle cikin tsumma, a riƙa shaƙa. Wata ta aiko da zuma da tafarnuwa a sha da safe, kuma tafarnuwar ta yi tasiri sosai, don sahun farko da kansa ya ja baya. Aka ɗiga masa man shanu a hanci, aka shafa masa man zafi a ƙirji, aka hana shi ruwan randa, aka hana shi miyar kuɓewa, har yau ban san laifin kuɓewa ba. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya nuna mana baƙin jinin da ya fito yana girgiza kai, sannan ya ce a buɗe baki ya duba belu. Da ya ga babu, an cire tun yana jariri, sai ya ce to ai ta wurin iska ke shiga. Masu zurfin tunani kuma suka fara raɗa cewa jifa ne, wani ke son limancin. Nan aka rasa yadda za a yi, domin rabin unguwa wajen Baba suke karɓar rubutu, ba a san wa zai rubuta wa mai rubutu ba.

Baba bai ƙi ko ɗaya ba. A ganinsa mayar da maganin da aka kawo maka wulaƙanta mai kawowa ne, saboda haka duk abin da aka miƙo sai ya yi bisimilla ya sha, ko ya shaƙa, ko ya shafa. Akwai lokacin da in ka shiga ɗakinsa sai ka ɗauka layin masu kayan yaji ka shiga a kasuwa.

Mijina, wanda ke ganin kansa ɗan zamani saboda yana aiki a sakatariya, ya ce a bar wahalar da tsoho haka nan, ya je kemis ya sayo wasu 'yan ƙwayoyi farare. Su ma sun yi aiki, atishawa ta tsaya cak. Abin da mai kemis bai faɗa ba shi ne suna sa barci. Ranar a sallar azahar Baba ya yi sujada bai ɗago ba. Jama'a suka jira, suka ƙara jira. Mijina ya ce mini shi kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi, yana cewa a ransa lalle Malam ya kai wani matsayi. Wani dattijo har ya fara shessheƙa saboda tsoron Allah. Sai ga minshari ta lasifika, a hankali, cikin natsuwa, har matan cikin gida suka ji.

An yi dariya, ni ma na yi, amma daga ranar magana ta canza. Akwai wani matashi da ya dawo daga karatu a ƙasar Larabawa, shi ke yi wa Baba na'ibi in ya yi tafiya. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Baba. Abokansa ne suka fara cewa liman mai toshewar hanci ba ya ba haruffa haƙƙinsu, sallar jama'a kuma ba abin wasa ba ce. Maganar ta zo kunnena a gidan suna, daga bakin matar da ba ta san ina bayanta ba. Tsoro ya kama ni. Na gane cewa in hancin nan bai buɗe ba, limancin ya bar gidanmu, kuma na san Baba ba shi da wani abin da yake tashi dominsa da safe in ba shi ba.

Na tasa shi gaba zuwa babban asibiti, Inna ta biyo mu. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ata ba. Ta haska cikin hancinsa, ta danna kumatunsa, sannan ta shiga tambayoyi. Yaushe ya fara? Da wane lokaci ya fi tsanani? Akwai inda yake zuwa ya ji sauƙi?

"Babu," in ji Baba.

"Akwai," in ji Inna. "Da muka je ƙauye ta'aziyyar ƙanena, kwanakin da muka yi ko sau ɗaya bai yi ba. A kan yashi suke salla can."

Likita ta tambayi abin da ya canza a gida ko a wajen aiki kafin ciwon ya fara. Ni da Inna muka haɗa ido. Na ce kafet. Ta sa na kwatanta mata shi, da gam ɗin, da yoyon, da dardumar mai gashi, tana ji tana gyaɗa kai. Ta ce jikinsa ne ba ya shiri da ƙura da funfuna da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda ke zama cikin irin wannan shimfiɗa. Ta rubuta maganin fesawa a hanci, da ƙwayar da ba ta sa barci, ta ce ya riƙa wanke hancinsa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

"'Yata, ai tun ina yaro nake shaƙa ruwa ina fyacewa a kowace alwala," in ji Baba.

"To yanzu a ƙara gishiri, Baba," ta ce tana murmushi. "Amma in gaya maka gaskiya, duk waɗannan rage zafi ne. Muddin kana sa fuska a wurin nan kullum, ciwon na nan. A cire kafet ɗin, ko kai ka bar masa wurin."

A cikin keke-napep, a hanyar komawa, murna nake yi kamar an ba ni kujerar Makka. Na ce shi ke nan, an kama ɓarawo, gobe a ɓamɓare shi. Baba yana kallon hanya har muka shigo ƙofar gari, sannan ya juyo gare ni. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, kin san na waye?"

"Na Alhaji ne, Baba. Alhaji kuma ba zai so ka da ciwo ba."

"Ba nasa ba ne, na tsohuwa ne. Matar nan tana kwance, ba ta iya ƙara wa kanta ko tasbihi ɗaya sai abin da aka aika mata. Ni da na sha kokonta, ni zan tashi in ce a yanke mata saboda hancina?"

Na ce Allah ba ya rasa hanyar kai lada. Ya ce haka ne, amma ba za a ji maganar daga bakinsa ba, kuma kada ya ji ta daga nawa.

Ban yi alkawari ba. Na fara da dabara. Na sayi sabuwar tabarma 'yar ƙarama, na ba mijina ya ɗauke dardumar mai gashi ya shimfiɗa ta a gurbin liman. Baba ya ɗan samu sauƙi kwana biyu. Amma majalisar da ke zama a ƙofar masallaci ta samu abin tattaunawa. Tambayar ita ce, in goshi ya sauka a kan tabarma, tabarma kuma tana kan kafet, ladan na mai tabarma ne ko na mai kafet? Wasu suka ce na sama ne ke ɗauka, tunda shi goshi ya taɓa. Wasu suka ce na ƙasa ne, tunda shi ke ɗauke da nauyin. Wani tela da karatunsa bai wuce izu biyu ba ya ce raba shi za a yi. Ba wanda ya tambayi Baba, alhali shi kaɗai ne ya karanta littattafan da ake irin wannan magana a ciki. Ƙanen marigayiya kuwa, wani tsoho da ya ɗauki tsaron kafet ɗin a matsayin aikinsa, bai shiga gardamar ba. Ya dai tsaya bayan sallar la'asar yana kallon tabarmar, ya sa hannun riga ya goge ido. Da magariba Baba ya naɗe ta da hannunsa ya dawo mini da ita.

Sai na ce bari a je wa mai abu kai tsaye. Amma a birni babu kai tsaye. Mace kamata ba ta ɗaga waya ta kira babban mutum ta ce masa kyautarsa ta zama cuta. Na faɗa wa mijina cewa kafet ɗin Alhaji ke sa wa Baba ciwo, a roƙe shi ya canza. Mijina ya kai wa wani dattijo da yake jin nauyinsa, ya ce Malam na ɗan fama da hanci a cikin masallaci, ko Alhaji zai duba shimfiɗar. Dattijon ya ga ambaton shimfiɗa rashin kunya ne, ya cire ta, ya kai wa ƙanen marigayiya cewa iskar masallacin ba ta yi wa Malam daɗi. Shi kuma ya kira Legas ya ce zafi da ƙurar waje sun dami Liman, jama'a na neman taimako. Kowannensu ya goge maganar ya ƙara mata ladabi, har ta isa ba komai a cikinta sai ladabin.

Alhaji mutum ne mai sakin hannu. Kafin wata ya ƙare sai ga ma'aikata. Suka cire tagogin katako da ake bari a buɗe, suka sa na gilashi, suka liƙe ko'ina ruf. Suka kafa na'urar sanyaya ɗaki, da sola don kada wuta ta yanke. Sannan suka maƙala wani ɗan akwati a bango, daidai saman kan liman, wanda ke fesa turare da kansa lokaci-lokaci ba tare da an roƙe shi ba. Yoyon kwano dai ba wanda ya taɓa shi, tunda ba a ambace shi ba. Unguwa ta yi ta sa albarka. Mutanen da ban taɓa sanin suna sallar azahar a jam'i ba suka zama 'yan sahun farko, musamman a watannin zafi.

Baba kuwa ya shiga uku. Maganin likita yana fesawa, ruwan gishiri yana shaƙa, siracen Gwaggo yana shiga, amma zuba ruwa a kwando ake yi. Zai ɗauko sura ya tsaya a tsakiya ya yi atishawa, akwatin ya amsa masa da feshi. Wata rana a sallar magariba ya kasa ƙarasawa, ya ja baya ya tura na'ibi gaba. Ina gidanmu a ranar. Da muryar ta canza a lasifika, Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Ba a daɗe ba dattawa suka zo, da manyan riguna da ƙullin goro. Na laɓe a bayan ƙofar zaure, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sun daɗe suna yabo. Suka ambaci kakanmu, suka ambaci shekarun da Baba ya yi bai taɓa makara ba, suka ce unguwa ba za ta iya biyansa ba, wanda gaskiya ne tunda ba ta taɓa gwadawa ba. Sannan babbansu ya gyara murya.

"Allah ya gafarta Malam, jiki da jini. Mun ga ana wahala. Muka ce ko za a ɗan huta, na'ibi ya riƙe kafin a samu lafiya."

Zuwa lokacin ko akuyar unguwa ta san abin da ke damun Baba, don ni ban ɓoye wa mata ba, mata kuma ba su ɓoye wa mazansu ba. Na tsaya ina jiran mutum ɗaya tak ya ce kafet. Ba wanda ya ambace shi. Kowa yana da ɗan da yake so Alhaji ya samar wa aiki, ko ɗakin da yake so a rufa masa, ko dai kawai yana jin daɗin sanyin.

"Na gode," in ji Baba. "Allah ya yi masa jagora. Ya ma fi ni ƙira'a."

Suka yi fatiha, suka bar goron. Don tausayi kuma suka ba da shawarar ya riƙa salla a rumfar waje, inda masu makara ke tsayawa, wai ya sha iska, kuma kada atishawar ta dami jama'a.

Kafin wata ya zagayo Baba ya warke. Hanci ya buɗe, ido ya washe, muryar ta dawo har ta fi da, sai dai yanzu ba ta da lasifika. Da hantsi yakan zauna a zaure yana tilawa, masu wucewa su rage sauri. Gwaggo ta zagaye Kusfa tana cewa siracenta ne, dama sai an jure. Wanzami ya ce ƙahonsa ne, aikinsa a hankali yake yi. Mijina ya ce ai kimiyya ba ta ƙarya. Masu cewa jifa ne suka ce ka gani ko, da aka samu abin da ake so ai an sake shi. Dattawa kuma suka ce hutu ne, suka yaba wa kansu. Maganar nan ta riƙon ƙwarya kafin a samu lafiya, ba wanda ya sake tunawa da ita.

Na same shi a zaure na zauna a bakin ƙofa. Raina a ɓace yake, kuma ban ɓoye ba.

"Baba, ga lafiya ta samu. Ka aika musu."

"In na koma ciki ai dawowa zai yi, Uwata."

"To a cire shi mana. Mutum da tsumma, a ce tsumma ya ci?"

Ya rufe littafin da ke gabansa. "Limanci nawa ne, ina da ikon bayarwa. Ladan nan ba nawa ba ne."

Maganar ta ƙara mini haushi. Na tashi na tafi gidana, ko sallama ban yi wa Inna ba. Har yau ban yarda yana da gaskiya ba, ban kuma samo abin da zan ce masa ba.

Shekaru suka wuce a haka. Harkokin Alhaji suka ja baya, zuwansa gida ya ragu, ƙanen marigayiya ya rasu. Sai gab da wani zaɓe, wani mai neman kujera ya zo gaisuwa unguwarmu, ya leƙa masallaci, ya toshe hanci, ya ce wannan bai dace da ɗakin Allah ba. Washegari da safe ma'aikata suka zo da shebur da wuƙaƙe. Kafin azahar sun ɓamɓare kafet ɗin gaba ɗaya, sun yanyanka shi, sun tara a bakin kwata, za a sa tayil. Dattawan nan dai, waɗanda suka rage, suna tsaye suna sa albarka. Majalisa ba ta zauna a kan lada ba. Tsohuwa ko sau ɗaya ban ji an ambace ta ba, ga shi kuwa na kasa kunne.

Ina tsaye a ƙofar gidanmu ina kallo ina tafasa, sai na hango Baba ya fito daga rumfa da sandarsa. Lokacin gwiwa ta fara ba shi wahala, ko an ce ya dawo limanci ba zai iya tsayuwar ba. Ya je wajen tulin nan ya sunkuya yana juyawa, ya zaɓo wani yanki mai ƙubba ɗaya, ya naɗe ya saɓa a kafaɗa. Kafin ya iso ƙofa ya fara atishawa.

"Baba, me za ka yi da wannan?"

"Nafila," ya ce. "Ko goshi ɗaya ne a riƙa aika mata."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa. Na karɓe shi daga kafaɗarsa na kai bakin rijiya. Na tafasa ruwa na zuba, na sa sabulu na dirje shi da burushi, ruwan farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu ma haka. Ina dirza ina kuka, ina zagin dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya a cikin raina. Da ya bushe ƙamas na kai ɗakinsa na shimfiɗa masa ta gabas. Ya jingine sandarsa a bango, ya hau, ya tayar da kabbara.